Me ke mayar da tsoka mazauninta bayan an tale ta?

Zee_Fisiyoloji:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina aji biyu a jami'a, muna kan darasin tsoka. An koya mana aktin da mayosin, zaruruwan furotin biyu na cikin tsoka, yadda mayosin ke cafke aktin ya ja, sakomiya, wato ƙaramin sashen zaren tsoka da ke maimaituwa a jere, ta gajarce. Wannan na gane. Inda na tsaya shi ne: idan tsoka tana hutawa, mayosin ya saki aktin, to me ya hana zaruruwan biyu su zame su rabu idan aka ja tsokar? Kuma me ke dawo da ita? Malaminmu ya ce akwai furotin da ake kira taitin, wai sifirin ne, daga nan ya wuce. Furotin ai sarƙar amino asid ce, ba ƙarfe ba. Ta yaya za ta zama sifirin?

Abu_Hanan:
Wa alaikumus salam. Malaminku bai yi kuskure ba, gajartawa ya yi. Bari in fara da girmansa, don sai kin ji girman za ki gane sauran. Insulin amino asid 51 ne. Himogulobin gaba ɗayansa 574. Taitin na ɗan Adam ya haura 34,000 a sarƙa guda, shi ne furotin mafi girma da aka sani a jikinmu. Tsawonsa ya ɗara maikuromita 1 (kashi ɗaya cikin dubu na milimita), sakomiya kuwa wajen maikuromita 2 ce idan tana hutawa. Wato ƙwaya ɗaya ta taitin tana kamawa daga layin Z, wato bakin sakomiya, har tsakiyarta, layin M, wata kuma ta taso daga ɗaya ɓangaren su haɗu. Rabin da ke kwance a jikin zaren mayosin a manne yake, ba ya miƙuwa. Ragowar da ke tsakanin bakin zaren mayosin da layin Z, a yankin I, shi ne mai talewa. Amsar tambayarki ta farko ke nan: zaren mayosin a ɗaure yake da layin Z ta kowane gefe, shi ya sa yake zama a tsakiya.

Dan_Maradi:
To in har girmansa ya kai haka, yaya aka yi masana suka daɗe ba su gan shi ba? A littafin da muka karanta a lise babu shi sam, zare biyu kawai aka zana mana.

Abu_Hanan:
@Dan_Maradi girman ne ya ɓoye shi. Idan za a tantance furotin, ana tura su ta cikin wani abu mai kama da rariya, ƙanana su yi nisa, manya su tsaya kusa. Taitin ba ya ma shiga rariyar da aka saba amfani da ita, a baki yake maƙalewa. Bayanin zaruruwa biyu masu zamewa ya fito a 1954, ya kuma gamsar da mutane ƙwarai. Sai a 1976 Koscak Maruyama a Japan ya fitar da wani furotin mai talewa daga tsoka ya sa masa suna konektin. A 1979 Kuan Wang da abokan aikinsa a Amurka suka same shi ta tasu hanyar, suka kira shi taitin, daga sunan ƙattin nan na tatsuniyar Girkawa. Cikakken jerin amino asid ɗinsa kuwa sai 1995, aikin Labeit da Kolmerer a Jamus.

Malam_Fizik:
Duk wannan daidai ne, amma tambayar yarinyar nan ta biyu ita ce mai nauyi, kuma ba a taɓa ta ba tukuna. Kalmar sifirin ɗin ce ma ba na so. Sifirin ɗin ƙarfe idan ka ja shi, ƙwayoyin ƙarfen kake gusarwa daga inda suka fi jin daɗin zama, kana tara ƙarfi a cikin haɗinsu. Taitin a yawancin aikinsa ba haka yake ba. Danƙo ya fi kama.

Zee, ɗauki robar ɗaure kuɗi mai faɗi. Ɗora ta a leɓenki na sama, ki tale ta da sauri. Za ki ji ɗumi. Riƙe ta a tale na ɗan lokaci, sannan ki sassauta da sauri ki sake taɓawa, za ki ji sanyi. Wani Bature makaho a Ingila, John Gough, shi ya fara bayyana wannan a farkon ƙarni na 19, kuma da leɓensa ya gane.

Dalili: roba dogayen sarƙoƙi ce a cukurkuɗe, kuma ba a tsaye suke ba, zafi yana sa su rawa ba dare ba rana. Ki ɗauka an shimfiɗa doguwar igiya miƙe sambal a tsakiyar kasuwa ranar da take ci. Wannan ya shure ta hagu, wancan ya shure ta dama. Babu wanda ya yi niyyar naɗe ta, amma kafin azahar ta lanƙwashe, bakinta biyu sun matso kusa. Hanyar miƙewa sambal ɗaya ce tak, hanyoyin lanƙwashewa ba sa ƙirguwa. Idan kin riƙe bakin biyu kina son ta zauna a miƙe, za ki ji shurin mutanen nan yana jan hannuwanki ciki. Wannan jan shi ne ƙarfin komawa. A cikin tsoka masu shurin su ne ƙwayoyin ruwa. Shi ake kira talewa ta entirofi.

Zee_Fisiyoloji:
Malam na gwada yanzun nan. Wallahi akwai ɗumi, sanyin ma ya fi fitowa fili. Ke nan abin da ke dawo da tsokata zafin jikina ne?

Malam_Fizik:
Kaso mai yawa na abin da taitin ke yi, e. Motsin da zafi ke haifarwa ne.

Maman_Ilham:
Ni nas ce, ba fizik na karanta ba, amma misalin igiyar nan ya zauna mini. Sai dai ina da tambaya. Furotin ai an ce mana kowanne yana naɗewa ya ɗauki siffa guda tsayayya, in ya warware ya lalace, kamar ƙwai da aka dafa. To shi taitin igiya ce sakakka ko kuwa naɗaɗɗe ne?

Abu_Hanan:
@Maman_Ilham duka biyun, kuma nan ne daɗin abin yake. Ki kalle shi kamar carbi. 'Ya'yan carbin su ne dunƙulallun sassa, kowanne amino asid wajen 90 zuwa 100 da suka naɗe tsaf, tsawonsa kamar nanomita 4 (nanomita kashi ɗaya ce cikin dubu na maikuromita). Duka taitin yana da irinsu kusan 300. Waɗanda ke yankin I ana kiransu dunƙulen Ig, don ƙirarsu irin ta imunogulobulin ce, furotin na garkuwar jiki. Carbi idan kin ajiye shi a tafin hannu taruwa yake, ba ya miƙewa. Jan farko, mai sauƙi, miƙar da carbin kawai yake yi, 'ya'yan ba abin da ya same su.

Bayan carbin ya miƙe sai aikin ya koma kan wani sashe da ba shi da 'ya'ya, igiya ce zalla. Sunansa PEVK, daga haruffan amino asid huɗu da suka cika shi: furolin, gulutamet, balin da laisin. Wannan ba ya ɗaukar siffa tsayayya ko kaɗan, shi ne ainihin igiyar kasuwar Malam. A tsokar zuciya akwai sashe na uku mai suna N2B, shi ma sakakke. Ke nan ba sifirin ɗaya ba ne, biyu ne ko uku a jere, mai laushi ya fara bayarwa, mai tauri ya biyo baya. Shi ya sa tsoka take biyo ki da sauƙi a farkon ja, can gaba ta turje.

Sadiya_Bayokem:
Ƙaramin gyara ga @Malam_Fizik, cikin girmamawa. PEVK ba entirofi ne zalla ba. Gulutamet yana ɗauke da cajin lantarki na negatif, laisin kuma na fozitif, suna jan juna suna tunkuɗe juna a tsawon sarƙar. An nuna cewa idan aka canza yawan gishirin ruwan da zaren tsoka ke ciki, taurinsa yana canzawa. Igiyar da shuri kaɗai ke lanƙwasawa ba za ta damu da gishiri haka ba. Kalsiyam ma yana kama sassan da gulutamet ya yi yawa ya ƙara musu tauri.

Malam_Fizik:
Na karɓi gyara, Malama Sadiya. Shi ya sa na ce kaso mai yawa. A ja mai sauƙi lissafin entirofi yana dacewa da abin da aka auna, a ja mai tsanani sai an ƙara wani abu.

Baba_Mahauci:
Salamu alaikum. Jikana ne ke karanta mini yana rubuta abin da na faɗa. Shekarata 40 da wani abu ina fawa. Akwai wata jijiya a bayan wuyan sa, launinta rawaya-rawaya, in ka ja ta tana biyo ka ta koma kamar danƙo, kuma ko kwana ta yi a wuta ba ta laushi. Ita ce wannan taitin ɗin? Na biyu, nama in an yanka da ɗuminsa laushi gare shi, bayan wasu awoyi ya sandare, in ya kwana a sanyi kuma ya saki. Me ke kawo haka?

Dakta_Dabbobi:
Barka da zuwa Baba, Allah ya ƙara lafiya. Waccan jijiyar wuya ba taitin ba ce, wani furotin ne mai suna ilastin. Ita ke taya sa ɗaukar nauyin kansa in ya sunkuya kiwo. Farar jijiya kuma, wadda ke narkewa ta yi yauƙi a farfesun ƙafa, kolajin ce. Su biyun a wajen ƙwayar tsoka suke. Taitin yana can cikin jan naman kansa, ido ba ya ganinsa, wuƙa ba ta ware shi.

Sandarewar nama kuwa aikin aktin da mayosin ne. Mayosin ba ya sakin aktin sai da wani makamashi da ake kira ATP. Bayan yanka, in makamashin ya ƙare, sai su kame da juna. Sakin da kuke gani daga baya, nan taitin ya shigo. A cikin naman akwai enzayim, wato furotin masu hanzarta aikin sinadarai, masu suna kalfain, da ke fara yanyanka taitin da nebulin da desmin, wato igiyoyin da suka ɗaure ginin. Mayosin bai saki ba, ginin ne ya fara kwancewa. Shi ya sa a ƙasashen da ke da ɗakunan sanyi suke rataye naman sa kwanaki kafin a sayar.

Baba_Mahauci:
Madalla, Allah ya yi albarka. To ganyen gwanda da mata ke naɗe nama a ciki fa?

Dakta_Dabbobi:
Shi ma enzayim ne Baba, fafain, daga ƙaron gwanda. Sai dai shi ba ya zaɓe, duk furotin da ya samu ci yake, shi ya sa in ya daɗe naman ke dagargajewa.

Dan_Maradi:
Ni na taɓa gani a intanet cewa sunan taitin ne kalma mafi tsawo a duniya, haruffa 189,819.

Sadiya_Bayokem:
Ba kalma ba ce ta gaskiya, sunayen amino asid ɗinsa ne aka jera ɗaya bayan ɗaya aka manne. Babu masanin da ke kiransa da shi.

Zee_Fisiyoloji:
Don Allah mu koma kan carbin. @Abu_Hanan ka ce jan farko ba ya taɓa 'ya'yan. To idan carbin ya miƙe, PEVK ma ya miƙe, aka ci gaba da ja fa? Tsinkewa zai yi?

Injiniya_Bash:
Bari in karɓi wannan, don shi ya fara jawo ni ga maganar taitin. A 1997 ƙungiyoyi uku suka buga sakamakon kama ƙwayar taitin guda ɗaya a ja ta a auna ƙarfin. Biyu sun yi amfani da hantsakin haske, wato hasken leza mai riƙe ɗan mitsitsin dutse da aka manna wa taitin. Ta uku, su Matthias Rief da Hermann Gaub da Julio Fernandez da abokansu, sun yi amfani da na'urar AFM mai ɗan tsinke a baki. Tsinken ya ɗauko sarƙar, aka riƙa ja a hankali.

Zanen da ya fito kamar haƙoran zarto yake. Ƙarfi ya hau, ya hau, sai ya faɗi kwatsam. Ya sake hawa, ya sake faɗuwa. Kowace faɗuwa dunƙule ɗaya ne ya warware. Ƙarfin da ke warware su tsakanin fikoniyuton 150 zuwa 300 ne (fikoniyuton ma'aunin ƙarfi ne ɗan mitsitsi ƙwarai), tazarar haƙori da haƙori kuma nanomita 25 zuwa 28. Ku duba lissafin: dunƙulen da aka fi nazari, I27, amino asid 89 gare shi. Kowane amino asid a miƙe wajen nanomita 0.36 ne. 89 sau 0.36 ya ba da 32. Cire 4 na tsawonsa yana naɗe, saura 28. Lissafin takarda da awon na'ura suka zo ɗaya. Ranar da na fara yin wannan lissafin da hannuna na daɗe ina kallonsa.

Kuma da aka sassauta, dunƙulen suka sake naɗewa da kansu. Ke nan ɗan carbin ba dutse ba ne, dunƙulen zare ne. In ja ya yi tsanani, ɗaya ya warware ya ba da ƙarin igiya har ninki bakwai na tsawonsa, ƙarfin ya sauka, sarƙar ta tsira.

Maman_Ilham:
To ƙwan da na ambata fa? Shi in ya warware ba ya komawa.

Sadiya_Bayokem:
A ƙwai, zafi yana warware furotin masu ɗimbin yawa lokaci guda, su cakuɗe su manne da juna, hanyar komawa ta toshe. A nan dunƙule ɗaya ne ke buɗewa, maƙwabtansa suna naɗe. Kuma dunƙulen da ke maƙwabtaka a taitin jerin amino asid ɗinsu ya sha bamban da juna sosai, wanda ke rage haɗarin sili na wannan, wato miƙaƙƙen yanki na sarƙarsa, ya shige cikin wancan.

Tela_Mai_Zif:
Ni abin da ban gane ba, me ke riƙe dunƙulen har ya jure ja, sannan ya saki gaba ɗaya lokaci guda? Me ya sa ba ya warwarewa kaɗan-kaɗan?

Injiniya_Bash:
Maigida, sana'arka ce za ta ba ka amsa. In kana son farke ɗinki, ka kama ƙyalle biyu ka buɗa su daga baki, zaren yana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, ba wuya. Amma ka ja ƙyalle ɗaya sama ɗaya ƙasa a tsawon ɗinkin, duk ɗinkin ne ke riƙewa tare, sai ka sa ƙarfi sosai, in kuma ya tafi ya tafi duka.

Dunƙulen Ig sili bakwai ne zuwa takwas da aka jera shimfiɗa biyu, ɗaya kan ɗaya. Silin farko da na ƙarshe, su ne ake ja, suna kwance gefe da gefe, an ɗinke su da ɗaurin haidurojin. Ƙungiyar Klaus Schulten a Amurka ta yi kwaikwayon jan a kwamfuta a 1998, ta ga cewa a I27 ɗauri shida ne tsakanin silin A' da silin G ke riƙe da ƙofar, kuma jan yana zuwa musu ne ta tsawo, irin na biyun da na faɗa. Ɗaurin haidurojin ɗaya ba shi da wani ƙarfi. Shida a tare, a wannan kwanciyar, su ne makullin. Da sun ɓalle, sauran ba ya wata turjiya.

Tela_Mai_Zif:
Yanzu na gane sarai. Shi ya sa muke maimaita ɗinki a bakin aljihu.

Likita_Zuciya:
Ina bin ku tun ɗazu daga wurin aiki. @Injiniya_Bash ina da ja a kan abu ɗaya. Fikoniyuton 200 ɗin nan a na'ura ne, inda ake ja da sauri. A cikin tsoka mai rai, ƙarfin da ke kan ƙwayar taitin ɗaya a tsawon da sakomiya ke aiki bai fi 'yan fikoniyuton ba, galibi ƙasa da 10. Kada ɗalibai su tafi da tunanin cewa duk bugun zuciya dunƙule na warwarewa. A ganina warwarewa matakin kariya ne na ranar tsanani. Aikin yau da kullum na miƙewar carbi ne da PEVK da N2B.

Injiniya_Bash:
Likita, haka aka daɗe ana ɗauka, amma ƙarfin warwarewa ba lamba ce tsayayya ba, ya danganta da saurin ja. Ka ja a hankali, ko ka riƙe ƙaramin ƙarfi na tsawon lokaci, dunƙule zai buɗe a ƙarfin da bai kai ko kusa da 200 ba, don zafi yana ta girgiza makullin. A 2016 ɗakin binciken Fernandez ya yi amfani da hantsakin maganaɗisu, wanda ke iya riƙe ƙaramin ƙarfi na dogon lokaci, suka ga dunƙulen Ig na kusa da layin Z suna buɗewa suna rufewa a ƙasa da fikoniyuton 10. Har suka ce in dunƙule ya sake naɗewa yana jan kaya, wato yana yin aiki, yana taya mayosin.

Likita_Zuciya:
Na san aikin. Buɗewa da rufewa a ƙaramin ƙarfi na yarda an gani. Cewa yana taya mayosin ja a tsoka mai rai, wannan masana da yawa ba su karɓa ba, kuma hujjarsu lokaci ne: zuciya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, naɗewar dunƙule a ƙarƙashin kaya tana da jinkiri. Ina nan kan bakana.

Abu_Hanan:
Ku biyun kuna tsaye ne daidai inda masu binciken kansu suka rabu.

Dan_Kwallo_9:
Tambaya daga filin ƙwallo. Miƙe-miƙen da muke yi kafin atisaye da bayansa, taitin muke ƙara wa tsawo?

Dakta_Dabbobi:
A tsoka cikakkiya ba taitin kaɗai ke turjiya ba, akwai rigar kolajin da ta naɗe kowane zare da kowane dami, ga jijiyar da ta haɗa ta da ƙashi. Ƙarin buɗewar da mutum ke samu a 'yan makonnin farko na miƙe-miƙe, yawancinsa jiki ne ke sabawa da jure jan. Tsawon taitin kuwa ƙwayar tsoka ce ke yanke shi tun wurin ƙira.

Likita_Zuciya:
Wannan maganar ta ƙira ita ce ta fi shafar aikina. Ƙwayar gadon taitin, TTN, tana kan kuromosom na 2, guntaye sama da 360 gare ta. Kowace tsoka tana zaɓen guntayen da za ta haɗa, kamar yadda @Tela_Mai_Zif zai yanka yadi ɗaya ya fitar da riga babba ko ƙarama. Tsokar sha-raɓa mai suna soliyus tana ɗinka PEVK mai amino asid sama da 2,000. Zuciya a nau'in taitin ɗinta gajere, wanda shi ma ake kira N2B, PEVK ɗinta bai kai 200 ba. Gajeriyar igiya ta fi saurin miƙewa ta ƙure, don haka ta fi tauri. Zuciyar mutum tana haɗa nau'i biyu, N2B mai tauri da N2BA mai tsawo da laushi, N2B ya fi yawa. Jariri a ciki nau'insa dogo ne mai laushi, a kusa da haihuwa ake sauyawa. Wani furotin, RBM20, shi ne mai riƙe da almakashin.

Akwai kuma gyaran gaggawa. Enzayim PKA da PKG in suka manna fosfet a sashen N2B sai ya yi laushi, PKC in ya manna a PEVK sai ya yi tauri. Ke nan zuciya tana iya sassauta igiyarta cikin ɗan lokaci in kana gudu, don ta cika da jini da sauri. Muna ganin marasa lafiya, galibi tsofaffi masu hawan jini ko ciwon suga, zuciyarsu tana matsawa lafiya amma ba ta sakewa ta cika. Taurin taitin da taruwar kolajin duka suna da hannu a ciki.

Hajiya_Ta_Gidan_Kowa:
Likita, ka taɓo mini inda ke ciwo. Ƙanwata ta haihu da wata biyu ƙafafunta suka kumbura, ba ta iya kwanciya sai a jingine, numfashi sama-sama. Muka ɗauka jego ne bai karɓe ta ba, aka ƙara mata ruwan zafi. Sai da ta galabaita muka kai ta asibiti, aka ce zuciyarta ta buɗe ta yi rauni. Ta rayu, alhamdu lillahi, amma har yau tana kan magani, kuma har yau ina jin nauyin makonnin da muka ɓata. Wannan taitin ɗin yana da hannu?

Likita_Zuciya:
Allah ya ƙara mata lafiya, Hajiya. Zai iya kasancewa, amma sai gwajin ƙwayar gado ne zai nuna. A 2012 wani babban bincike ya gano cewa kusan kashi 25 cikin 100 na masu ciwon buɗewar zuciya na gado suna da tawaya a TTN, irin wadda ke sa a ƙera taitin guntule. A 2016 aka duba mata 172 masu ciwon zuciya na jego, aka samu kusan kashi 10 cikin 100 da irin wannan tawayar a TTN. Matan daga Amurka da Jamus da Japan suke, don haka kada mu ɗauko adadin mu ɗora wa namu kai tsaye. Kuma akwai masu ɗauke da tawayar da ke zaune lafiya, sai wani nauyi ya hau zuciyar, kamar ciki ko giya ko wasu magungunan daji, sannan ta bayyana.

Ciwon nan ƙasarmu tana cikin inda ya fi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 Davidson da Parry suka yi rubutu a kansa daga Zariya.

Gwaggo_Asabe:
To ai su ne suka ɗora wa wankan jego da kunun kanwa laifi. Iyayenmu da kakanninmu duk sun yi, mu ma mun yi.

Maman_Ilham:
Gwaggo, kanwa gishiri ce, kuma zuciyar da ta riga ta raunana ba ta son gishiri. Wannan ba raina al'ada ba ne. Na ga mata da yawa a ɗakinmu da aka kawo a makare.

Likita_Zuciya:
Ku duka kuna da abin riƙewa. Masu binciken Zariya sun zargi kanwa da zafin wanka da kwanciya a gadon wuta. Binciken da aka yi daga baya a asibitoci da dama na Najeriya bai samu alaƙa mai ƙarfi da waɗannan al'adun ba, ya fi nuna rashin ƙiba, talauci, da hawan jinin masu ciki, an kuma samu ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu ciwon a Kano. Amma wadda ciwon ya riga ya kama, a ɗauke mata kanwa. Mai jego da ke kumburi, ko haki, ko ba ta iya kwanciya a miƙe, a kai ta asibiti a ranar.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Maganar jego tana da muhimmanci, na buɗe mata zare na daban don kada ta nutse a nan. Mu bar wannan ga tambayar Zee.

Dan_Maradi:
Kafin a rufe, ni kalmar ce ke damuna. Wasu sun ce talewa, wasu miƙuwa. Miƙuwa ba ta nuna komawa. Ƙullin fulawa ma yana miƙuwa amma ba ya dawowa daidai. Ina ganin talewa ta fi, don ba a cewa an tale abu sai mai komawa, kamar baka ko danƙo.

Malam_Fizik:
Na goyi bayan talewa. Kuma baka da danƙo sun raba mana nau'i biyun: itacen baka irin sifirin ɗin ƙarfe ne, danƙo irin PEVK.

Zee_Fisiyoloji:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Wani abu ya sake taso mini. In dai shurin ƙwayoyin ruwa ne ke jan igiyar ciki, ke nan in an ƙara zafi jan zai ƙaru? Don ni na saba jin cewa zafi sassauta abu yake yi.

Malam_Fizik:
A roba haka ne, kuma za ki iya gani da idonki. Rataya robar a ƙusa, ki ɗaura mata kwalbar ruwa ƙarama har ta tale sosai, ki yi alama a bango daidai gindin kwalbar. Ki hura mata iska mai zafi da na'urar busar da gashi. Kwalbar za ta ɗaga sama kaɗan. Waya ta ƙarfe in kin yi mata haka ƙasa za ta yi.

Injiniya_Bash:
A taitin kuwa kada ki zaci za ki ga abin a fili haka. Lissafin yana tafiya ne da ma'aunin Kelbin, jikinmu yana 310, ƙarin digiri 3 na zazzaɓi kashi 1 cikin 100 ne kawai. Kuma zafin da ke ƙara jan PEVK shi ne dai ke sassauta ɗaurin nan shida na bakin dunƙule. @Likita_Zuciya wannan ma yana cikin abin da ya sa nake ganin suna buɗewa a jiki fiye da yadda kake zato, don yawancin awon AFM a zafin ɗaki aka yi shi, ba a digiri 37 ba.

Likita_Zuciya:
Buɗewa ban musa ba, Injiniya. Rufewa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya da kaya a kai, ita nake jira a nuna mini a tsokar zuciya. An kira ni ɗakin masu jinya, zan leƙo da dare.